Darasin Amana Tsakanin Aji da Rumfa

Duk malamin da Allah Ya ƙaddara masa koyarwa a makarantar sakandare ta yankin Fagge, kamar yadda Ya ƙaddara mini, ba zai daɗe ba zai gane cewa da yawa daga cikin ɗalibansa suna da wata makaranta ta biyu, wadda ba wanda ya tsara mata manhaja, kuma ba mai duba malamanta. Da zarar an tashi da azahar, sai su cusa rigar makaranta a jaka su nufi Kasuwar Sabon Gari, wadda hukuma ta raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ko Singa, ko Kantin Kwari, wani ya karɓi mahaifinsa a rumfa, wani ya je wa ubangidansa aike, wani kuwa ya tsaya bakin layi yana taro masu saye domin neman la'ada. A can ake ƙera rabin ɗabi'unsu, alhali mu muna zaton tarbiyyarsu a hannunmu take.

Wannan makaranta ta girmi tamu nesa ba kusa ba. Fagge zangon fatake ce tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a wajen ganuwa, Sabon Gari kuwa ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, sa'ad da baƙi daga kudu suka zo neman abinci. Tun daga lokacin Bahaushe da Bayarabe da Ibo suke ba juna kaya bashi, sau da yawa ba da wata takarda ba, face sanin cewa wane ba ya saɓa alkawari.

A wajenmu kuwa, kyawawan halaye sun zama fannin da ake jarrabawa a kansa. Akwai darasin addini, akwai kuma darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda hukumar WAEC ta fara jarraba ɗalibai a kansa a 2014. Yaro yana iya jero maka gaskiya da adalci da riƙon amana, ya yi wa kowanne ta'arifi, ya ci maki mai yawa, alhali da satar amsa ya rubuta su. Wannan kuwa abu ne da ke ci mini rai ƙwarai duk lokacin da na tsaya gadin jarrabawa. Magabata ba su raba ilmi da ladabi ba. Shi ya sa almajiran zaure suke karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, shi ya sa kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Lubabul Madkhal, amma abin da ya fi littattafan tasiri shi ne almajiri yana zaune da malaminsa dare da rana, yana ganin yadda yake mu'amala da jama'a.

To, me ɗalibinmu yake gani a rumfa? Wani lokaci yana ganin mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, ana saye da wani ana sayarwa da shi. Yana ganin an zuba tsabar shinkafa mai kyau a bakin buhu, an bar tsakuwa da ɓarzajje a ƙasa. Yana jin ubangidansa, mutumin da ba ya rasa sahun farko, ya dubi mai saye ya ce, "Wallahi, Hajiya, ko uwar kuɗina ban mayar ba," alhali shi yaron ne ya ɗauko kayan daga wurin mai sari, ya kuma san kuɗinsu. Yaron nan ya haddace Suratul Muɗaffifina a Islamiyya tun yana ƙarami, saboda haka ba jahilci ke damunsa ba; abin da ya koya shi ne cewa karatu daban, ciniki daban. Haka nan wasu yaran suka riƙa ganin yadda ake miƙa wa samari tsaransu maganin tari mai kodin, kafin Gwamnatin Tarayya ta haramta yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Sai dai zalunci ne a ce sharri kaɗai kasuwa take koyarwa. Bayan gobarar watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a Sabon Gari, wani ɗalibina ya ba ni labarin yadda littafin bashin mahaifinsa ya ƙone tare da kayan, ba su da sauran hujja a kan kowa, amma ranar da suke kwashe toka wani ɗan kasuwa Ibo ya zo da kuɗi a leda ya ce, "Alhaji, ga cikon kuɗinka." Ban taɓa yin darasin da ya zauna a zuciyar yaro kamar yadda wannan ya zauna a tasa ba.

Daga nan na ɗauki dabarar da nake so 'yan'uwana malamai su jarraba. Amana ba ta shiga zuciya sai an ɗora ta a wuyan mutum. A ajina akwai ɗan asusu na tsintsiya da alli da taimakon wanda ya yi rashin lafiya, kowane mako ɗalibi ɗaya ke riƙe kuɗin da littafin, ba tare da na zaɓi wanda aka sani da kirki kawai ba, ranar Alhamis kuma ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. In an sami giɓi, ba bulala, ba tozartawa; nakan kira shi gefe mu lissafa tare, ya faɗi ranar da zai cike, in kuma mayar masa da littafin a wani zagayen, domin yaron da aka yanke masa hukuncin ɓarawo sau ɗaya har abada, da wuya ya sake wahalar da kansa wajen neman wani suna. Wannan duka ba zai yi amfani ba in malamin da kansa yana makara, ko yana ba da makin takardar da bai karanta ba.

Ku kuwa Alhazai da ke riƙe da yaranmu a rumfuna, ku sani malamai ne ku, ko kun so ko ba ku so ba. Roƙona gare ku, don Allah kada ku sa yaro rantsuwa a kan farashi, kada ku aike shi ya ce ba kwa nan alhali kuna ciki. Ku nemi takardar sakamakonsa a ƙarshen zango ku duba, ku sallame shi da wuri a makon jarrabawa, in kuma makaranta ta kira taron iyaye da malamai, wanda mahaifinsa yake ƙauye, ku zo a madadinsa.