Yadda Kwamfuta Ke Bin Haruffa Ɗaya Bayan Ɗaya

Mutum in ya dubi kalma, gaba ɗaya ya ke ganinta. Kwamfuta kuwa ba ta da wannan baiwa. A wurinta kowane rubutu jerin haruffa ne, kamar murjani a zare, kowane harafi da lambar mazauninsa.

To, ta yaya mai koyo zai sa ta yi aiki da jerin nan? Da umarnin zagaye. Watau sai ya rubuta umarni sau ɗaya tak, ya ce a yi ta maimaita shi a kan kowane harafi har jerin ya ƙare.

Ga misali. A ce ana so a san "a" nawa ne cikin kalmar "makaranta". Da farko sai a ajiye ƙidaya a kan 0. Sa'an nan kwamfuta ta ɗauki "m", ta duba ko "a" ce. Ba ita ba ce, sai ta wuce. Ta ɗauki na biye, ta tarar "a" ce, sai ta ƙara 1. Bayan zagaye 9, ƙidaya za ta tsaya a kan 4. Da wannan dabara a ke juya kalma ta baya, ko a nemo suna cikin dogon littafi.

Amma fa akwai ramuka biyu a hanya. Na fari, a harsunan kwamfuta irin su Python da C, daga 0 a ke fara lambar mazauni. Saboda haka harafin ƙarshe na "makaranta" yana mazauni na 8. Wanda ya nemi na 9 ya zarce ƙarshen kalma.

Na biyu ya fi shafar Hausa. A 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, mai alamu 128, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Tsarin Unicode na 1991 ya ba su lambobi. A 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, inda harafin Turanci ke cin ma'auni ɗaya, wanda a ke kira bayit, ƙ kuwa ta ci biyu. Ashe ke nan "ƙasa" harafi 4 ce, amma bayit 5. Zagayen da ke bin bayit, in ya yanke kalma ko ya juya ta, yana iya raba ƙ biyu, abin da ya rage ya zama shirme. Haka sunan Ɗanladi ko Ƙasimu kan lalace a takardar asibiti ko ta banki a ƙasashen waje. Python ta 3, wadda ta fito a 2008, haruffa ta ke bi, ta kuwa sauƙaƙa wannan wahala. Duk da haka ba ta san "sh" da "ts" harafi ɗaya ɗaya ne a Hausa ba, sai an gaya mata.

Don haka mai koyo, kafin ya ce zagayensa ya yi daidai, ya kamata ya gwada shi da kalma uku: "kasa", da "ƙasa", da "tsuntsu". In ƙidayar ta fito 4, da 4, da 5, to, aikinsa ya iya Hausa.