Direba, ka duba sifirin tirelarka kafin ka bar Parakou

Duk mai jan tirela zuwa arewacin Jamhuriyar Benin ya san cewa Parakou ce mararraba. A nan layin dogo na Kwatano ya ƙare, daga nan hanya ta miƙe kusan kilomita 320 zuwa Malanville, bakin iyakar Nijar, wata kuma ta karkata yamma kimanin kilomita 135 zuwa Djougou, tsohon zangon fataken goro masu zuwa Gwanja. Daga Djougou ake wucewa Natitingou da Porga zuwa Burkina Faso, ko Ouaké zuwa Togo. Shawarata ita ce a gama gyaran ƙasan tirela a Parakou, inda makanikai da masu sayar da kayan gyara suka fi yawa, kuma a sayi kaya bisa awo da nauyin da za su ɗauka. Araha ba ta ado, musamman a kan abin da ke riƙe da tan talatin.

Dalili kuwa shi ne sifirin ba ya aiki shi kaɗai. Idan ganye ɗaya ya karye, sauran su ke ɗaukar nauyinsa, aksul ya kauce, taya ta fara cinyewa ta gefe guda. Don haka ka shiga ƙarƙashin mota da tocila tun tana fanko. Nemi jan tsatsa da ke tsattsafowa tsakanin ganyayyaki, ka duba tsagewa kusa da kusar tsakiya, ka sa ƙarfe ka girgiza bushin. In za a canja, a cire tsohon a tafi da shi shago, a gwada tsawo da kauri da lanƙwasa, domin akwai mai faɗin milimita 90, akwai mai 100, kuma na kamfanin BPW ba lallai ya zauna a mazaunin na kamfanin Fuwa ba. A canja hagu da dama tare. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul su ma a sa sababbi, a sake ɗaure notunansu bayan tafiyar farko da kaya.

Wani zai ce walda ta fi sauƙi. Gaskiya ne a ranar, amma zafin walda yana kashe ƙarfin da aka gasa sifirin da shi, sai ya sake karyewa daf da ɗinkin, watakila a dajin da babu makaniki. Wani kuma zai ce gwanjon Turai ya fi sabo mai araha. Sau da yawa haka ne, in an wanke shi an tabbatar ba ya da tsagewa kuma bai kwanta ba. Masu ƙara ganye don su ƙara lodi kuwa, su tuna aksul da birki da taya ba su ƙaru ba, kuma dokar ƙungiyar UEMOA ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 ga aksul guda na tsakiya ko na baya mai taya ɗai-ɗai, sikeli na jiransu a hanya.

Ka riƙe sefa a hannu, ka ajiye babban ganye ɗaya da bushin da notuna a akwatin mota. Kuɗin da mai mota zai kashe a gareji a Parakou bai kai asarar kayan da suka zube a gefen titi ba, balle ran direba da yaron motarsa.