Kalmomin Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Hausar Nijar: Nazarin "Magajin Gari"

Gabatarwa

A ranar 13 ga Disamba 2020 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi a Nijar, sai na shugaban ƙasa da na majalisar dokoki mai kujeru 171 suka biyo baya ranar 27 ga watan. Dokokin waɗannan zaɓuɓɓuka da Faransanci aka rubuta su, amma yaƙin neman ƙuri'a a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Hausa aka fi yin sa. Wannan nazari zai duba kalmomin da suka ɗauki nauyin wannan fassara, musamman "magajin gari", domin a ga ko ma'anar da ke cikinsu ta yi daidai da abin da doka ta tsara.

Tushen kalmomin

Kalmomin zaɓe sun shigo ta hanyoyi uku. Na farko aro daga Larabci: majalisa, jam'iyya, hukuma, siyasa, wakili, da ƙuri'a, wadda asalinta jefa rabo ne domin raba gardama. Na biyu aro daga Faransanci, irin su depite da konseye da komin, waɗanda suka bambanta Hausar Nijar da ta Nijeriya, inda ake cewa kansila da ciyaman. Na uku ƙira daga cikin gida: aikatau "zaɓa" ya haifi zaɓe da zaɓaɓɓe, kuma da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyan -a aka sami mazaɓa, kamar yadda aka sami majema da marina.

Ƙirar "magaji"

Wannan ɗafa-goshi na ma- idan ya haɗu da ɗafa-ƙeyan -i yakan ba da sunan mai aikatawa: manomi, maƙeri, marubuci. Haka aka ƙera magaji daga aikatau "gada", jam'insa magada. Ke nan ma'anarsa ta asali ita ce wanda ya ci gado. Magajin Gari kuwa tsohuwar sarauta ce da har yau ake naɗawa a fadodi irin na Sakkwato da Katsina. Da aka ɗora ta kan shugaban komin, sai aka yafa wa kujerar zaɓe, mai ƙayyadadden wa'adi, rigar sarautar gado. Mai sauraro na iya ɗaukar mai kujerar a matsayin basarake da ake kai wa gaisuwa, alhali doka ta ba majalisarsa ikon tsige shi.

Siffar mace ma tana da nata cikas. Magajiya sarautar mata ce mai daraja a Daura, amma a bakin jama'a kalmar kan nufi shugabar mata masu zaman kansu. Saboda haka mai fassara kan yi jinkiri kafin ya ce "magajiyar gari".

Aikau da ya ɓuya

Cikas mafi girma yana cikin ginin yankin suna. Sunan aiki "zaɓe" idan ya ɗauki mahaɗin -n, sunan da ya biyo baya na iya zama aikau ko karɓau. A "zaɓen jama'a", jama'a ne suka zaɓa. A "zaɓen magajin gari", shi ne aka zaɓa, kuma ba a faɗi wanda ya zaɓe shi ba. Mai sauraro kan cike gurbin da kansa, ya ɗauka shi ne aikau.

A dokar Nijar ta lokacin zaɓen 2020 kuwa mai ƙuri'a yana zaɓen jerin sunayen ƴan takara ne, a raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, sannan konseyoyin da suka ci su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. A biranen nan huɗu masu matsayi na musamman abin ya ƙara sarƙewa, domin Yamai da Damagaram kowanne an kasa shi biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu, kowane kashi da shugabansa, ga kuma na birnin gaba ɗaya, duk ana kiransu da suna guda. Inda babu jam'iyyar da ta sami rinjaye, ƙawance na iya ba wadda ta zo ta biyu kujerar. Wanda ya fahimci cewa shi ne ya zaɓi magajin gari zai ga an yi masa maguɗi, ko da an bi doka sau da ƙafa.

Kammalawa

A watan Afrilu 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi, kuma a Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Duk ranar da aka koma ga akwatin zaɓe, da Hausa za a yi wa mafi yawan jama'a bayani. Aikin da ke gaban ɗaliban kimiyyar harshe shi ne tattara waɗannan kalmomi daga rediyo da kasuwa da fada, su gwada yadda masu sauraro ke fahimtarsu, su kuma daidaita furucin da ke bayyana aikau ƙarara, kamar "zaɓen konseyoyi" ga ranar ƙuri'a, da "zaman konseyoyi na fitar da shugaban majalisar gari" ga abin da ke biyo baya.