Ramukan da ba a toshewa a tsohon karaban

Duk lokacin zafi a Birtaniya, filayen shaƙatawa kan cika da karaban, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya a tafi hutu da shi. A cikinsu akwai waɗanda ido ke tsayawa a kansu: tsofaffin Sprite da Sam Alper ya riƙa ƙerawa a Newmarket a shekarun 1950 da 1960, da Eccles da aka fara yi a Birmingham tun 1919, da Airstream 'yan Amurka masu ƙyallin alminiyum. Masu su kan kashe musu kuɗi ba na wasa ba, a sake fenti, a ɗinka labule irin na da, a nemo mariƙin ƙofa na ainihi. Bayan kabad da ƙarƙashin daɓe kuwa ba kowa ke leƙawa ba. Dokar ƙasar ma ba ta ɗora wa karaban gwajin MOT na shekara-shekara da ake yi wa motoci ba, don haka ɗaki zai iya shafe shekara hamsin yana yawo babu ƙwararren da ya taɓa bututunsa.

Mai wannan rubutu duba gas da wayoyin wuta a irin waɗannan ɗakuna ne aikinsa, kuma idan an kira shi, kafin ya buɗe akwatin kayan aiki sai ya durƙusa ya nemi ramuka a daɓe. Gas ɗin girki, butan ne ko furofen, ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya, ƙasa yake gangarawa ya kwanta kamar ruwa a kwari. Shi ya sa maƙeran suka huda daɓe a ƙarƙashin murhu da firji da ma'ajiyar silinda, domin abin da ya zuba ya fice waje. Gas kashi 2 cikin 100 kacal a iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta, kuma tartsatsin makunnin fitila ma zai iya tayar da shi.

Matsalar ita ce ramukan nan suna shigo da sanyi, wani lokacin har da ɓera. A wani Sprite da aka kai masa, maigidan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cusa musu soso, ya shimfiɗa sabuwar ledar daɓe a kai, aiki tsaf gwanin sha'awa. A ƙarƙashin murhun kuma akwai tiyon roba da ya bushe ƙayau. Da aka lanƙwasa shi kaɗan sai tsage-tsage suka buɗe, aka shafa ruwan sabulu a mahaɗar, nan take kumfa ta fara tashi. Tiyon gas na ƙwarai yana ɗauke da shekarar da aka yi shi a jikinsa, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza shi bayan shekara biyar. Wannan kam rubutun jikinsa ma ya goge. Mutumin cewa ya yi bai taɓa jin wari ba, kuma gaskiyarsa ne, hancinsa na sama, gas ɗin na ƙasa.

Sai kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kama jini sau fiye da 200 bisa yadda iskar shaƙa ke kama shi. Ita ce dai ke kashe iyali idan an kwana da janareto a rufaffen ɗaki. A tsohon karaban hanyoyinta da yawa: fitilar gas ta bango, da hitar da ba ta da bututun hayaƙi, da firjin gas wanda tsatsa ko yanar gizo-gizo ta toshe masa maƙona a watannin da aka ajiye shi. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne, a tsaye cak. In ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a gindin tukunya, to ƙonewar ba ta cika ba. Ciwon kai da jiri da kan lafa idan an fita waje su ma alama ce. Na'urar gargaɗin da ta dace da karaban ita ce mai lambar BS EN 50291-2, kuma ita ma tana da ranar daina aiki a bayanta. Tsofaffin murhu da yawa kuma ba su da abin da ke katse gas idan iska ta hure wutar, sai ya ci gaba da zuba shiru.

Regileta, wato na'urar daidaita matsin gas, ma na ruɗa mutane. A kayan da aka ƙera wa Birtaniya a da, butan na aiki da matsi milibar 28, furofen 37. Karaban da aka yi daga 2003 zuwa yau suna amfani da milibar 30 ga duka biyun. Wanda ya sayi regileta na zamani ya ɗaura wa murhun 1965 ba tare da duba abin da aka rubuta a jikin murhun ba, caca yake yi.

Ɓangaren lantarki ya fi ba marubucin haushi, domin mafi yawan ɓarnar ba ta maƙera ba ce. Karaban da yawa sun fito ne babu wutar gida sam, daga baya kowane mai shi ya ƙara nasa: wannan ya jawo soket, wancan ya haɗa waya da salatif ya tura bayan katako. Akan tarar da waya mai rigar roba da ke marmashewa a hannu, ko wadda girgizar hanya ta goga da bakin ƙarfe har ta kusa hujewa. Jikin karaban da yawa alminiyum ne. In waya mai wuta ta taɓa shi kuma ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba, wanda ya kama mariƙin ƙofa ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa shi wutar za ta bi. Maganin wannan shi ne na'urar RCD mai miliamf 30 da ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido, kuma ƙa'idar BS 7671 ta ware sashe na 721 musamman don karaban. Airstream da aka shigo da shi daga Amurka kuwa wayoyinsa na bolt 120 ne, alhali filayen Birtaniya 230 suke bayarwa, don haka canza fulogi kawai ba ya isa. Ko batir mai bolt 12 da ake rainawa, in babu fiyus kusa da shi, zai iya narkar da waya ya kunna katako.

Wanda ke ba da karaban haya, dokar gas ta 1998 ta wajabta masa kiran injiniya mai rajista da Gas Safe ya duba kowace shekara. Mai amfanin kansa ba a tilasta masa ba, amma ga wanda zai kira, sai ya juya katin injiniyan ya karanta bayansa: nan ake jera irin aikin da aka yarje masa, kuma izinin gyaran tukunyar ɗumama gida daban yake da na gas ɗin silinda a karaban.