Abin da ƙarfe ke faɗa mini a gareji

Shekara 17 ke nan ina gyaran jikin mota a Ƙanƙara. Duk motar da aka janyo mini daga hanyar Sheme ko ta Dutsinma, tun kafin a ba ni labari ƙarfen ya riga ya faɗa mini yadda aka yi.

Idan Hilux ta yi karo da Golf, aikin Hilux ba ya wuce bamba da fitila da lagireto. Ita Golf kuwa sai dai a kwance ta a sayar da kayan. Nauyi na ciki, don Hilux ta kai tan 2, Golf kuwa tan 1 ne da ɗan ɗoriya. Amma abin da ya fi ɓarna tsayi ne. Ƙarfen ƙasan babbar mota ya ɗara bambar ƙaramar, saboda haka bugun yakan sauka a ƙofa da gilashi, daidai haƙarƙari da kan wanda ke zaune. A 2023 cibiyar IIHS ta Amurka ta gano cewa motar da tsayin gabanta ya haura mita 1 ta fi mai gajeren gaba kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Ƙaramar mota ƙafa take kwashewa, doguwa ƙirji take doka.

Shi ya sa na daina walda ƙaton ƙarfen kariya a gaban jif. Kwanan baya wani dattijo ya ce, "Yaro, sa mini saboda shanu." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Gaban mota an yi shi ne ya lotse ya shanye bugu. In na sa maka wannan, ɗan acaba ne zai shanye."

Masu manyan motoci ma kada su saki jiki. Doguwar mota ta fi saurin kifewa, balle an loda mata buhunan masara daga Faskari ko Sabuwa, mutane kuma sun ɗare a kai. Taya ɗaya ta fashe, na bayan nan ba abin da ke riƙe da su. Na sani, tsoron 'yan bindiga ne ke sa kowa taka totur, ni ma ba na son tsayawa a dajin nan. Sai dai birki bai san da wannan uzurin ba: in ka ninka gudu, tazarar tsayawa ninkuwa take yi sau 4.

Tirela kuma, musamman a titin Funtuwa zuwa Gusau wajen Sheme da 'Yankara, a ba ta fili. In ba ka hango madubin direban ba, shi ma bai gan ka ba. Kuma in ka wuce shi, kada ka yanko gabansa nan take, don tan 30 ba ya tsayawa inda Golf ke tsayawa.