Masaka Da Abuja: Gari Ɗaya, Hukumomi Biyu

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Masaka da asuba zai ga jama'a sun yi cincirindo suna jiran mota, ma'aikatan gwamnati da direbobi da magina da masu gadi da 'yan kasuwa, kowa ya fuskanci yamma. Za su bi ta Ado da Mararaba, su shiga Nyanya, su gangara Kugbo, kafin su isa wuraren aikinsu a cikin Abuja. In ka tambayi ɗayansu inda yake zaune, sai ya ce maka Abuja. Bisa doka kuwa Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ne ta Jihar Nasarawa, iyakar Babban Birnin Tarayya kuma tana tsakanin Nyanya da Mararaba, wurin da baƙo zai wuce bai lura ba domin gine-gine sun haɗe.

Masana tsara birane suna da suna ga irin wannan wuri, watau yankin babban birni. Abin da ake nufi shi ne birni tare da dukan garuruwan da ke kewaye da shi, waɗanda mutanensu suke shiga cikinsa neman abinci kullum su komo gida su kwana. Zirga-zirgar jama'a ita ce ke shata iyakar irin wannan yanki, kuma sau da yawa takan zarce iyakar da hukuma ta zana a taswira.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi har aka zo nan. A shekarar 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar ƙasa. A watan Fabrairu na 1976 aka kafa Doka mai lamba 6, wadda ta yanki ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Babban tsarin birnin da aka miƙa a 1979 ya yi kirdadon mutum miliyan 1.6 a shekarar 2000, ya kuma tsaida cewa birnin ba zai wuce miliyan 3 da 'yan kai ba. Tsari ne mai kyau, sai dai ikonsa ya tsaya a bakin iyaka. A lokacin, abin da ke gabashin Nyanya ƙauyukan manoma ne, galibinsu Gbagyi, a cikin Jihar Filato. Jihar Nasarawa kanta sai a 1996 aka ƙirƙiro ta.

Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai kuɗin hayar gida a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Fili kuma a Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya yake, samunsa sai an bi dogon layi. A ƙetaren iyaka kuwa mutum yana iya daidaitawa da mai gona ya kafa tubalinsa. Rushe-rushen gidajen da aka gina ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura dubban iyalai zuwa Mararaba da Masaka, kamar yadda wasu suka nufi Suleja da Madalla a Jihar Neja.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Mutumin Masaka yana yini a Abuja, yana cin moriyar titunanta, amma ba shi da ta cewa a kan mulkinta, domin Birnin Tarayya Minista ne ke riƙe da shi a madadin Shugaban Ƙasa, Majalisar Tarayya ce kuma ke yi masa doka. Inda yake kwana kuwa, makarantar 'ya'yansa da asibiti da magudanar ruwa da kwashe shara duk suna wuyan gwamnatin da ke Lafiya da Ƙaramar Hukumar Karu, wadda aka ɗora wa ɗawainiyar birni da kason kuɗin ƙaramar hukuma. Hanyar da ta haɗa su ta Gwamnatin Tarayya ce. Cunkoson Nyanya bai san iyaka ba, haka ambaliya, haka annoba. Bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya ran 14 ga Afrilu, 2014, ya tarar da mutane ne suna hanyar zuwa aiki daga ɓangarorin biyu.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali. Birnin Washintan na Amurka, wanda shi ma babban birnin tarayya ne, ya malala cikin jihohin Marilan da Bajiniya. A 1967 ɓangarorin uku suka kafa hukumar sufuri guda bisa yarjejeniya, kowa yana da wakilai kuma kowa yana zuba kuɗi, jirgin ƙasanta ya fara aiki a 1976. Indiya ta kafa hukumar tsara yankin Delhi da doka a 1985, inda gwamnatin tsakiya ke zama da jihohin da ke maƙwabtaka da birnin. Landan kuwa ta soke majalisarta ta babban birni a 1986, ta ɗanɗana zama babu ita, ta sake kafa wata a 2000. A ganina misalin Washintan ya fi kusa da mu, domin ba a karɓe ƙasar kowa ba, aiki guda kawai aka ɗauka aka haɗa hannu a kansa. Masu cewa a faɗaɗa iyakar Abuja ta haɗiye Karu sun manta cewa sauya iyakar jiha abu ne mai wuyar gaske a Tsarin Mulki, kuma ko an yi, gari zai sake tsallake sabuwar iyakar ya doshi Keffi.

Kafin a kai ga irin wannan haɗin gwiwa, akwai abin da ya wajaba mazaunin Masaka ya kiyaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, saboda haka takardar mallakar fili a Masaka daga Jihar Nasarawa take fitowa. Takardar ciniki da mai gona ko sa hannun mai unguwa shaida ce ta saye kawai, ba ta maye gurbin takardar gwamnati da izinin gini. Harajin albashi kuma jihar da mutum yake zaune ita ke da shi, ko da a Abuja yake aiki, ban da wasu rukunoni kamar sojoji da 'yan sanda. Ma'aikacin da ya bar ofishinsu ya rubuta masa adireshin Abuja alhali a Masaka yake kwana, ya hana wa unguwarsa kuɗin da za a yi mata kwalbati da shi. Sai ya je sashen albashi ya nemi a gyara.