Darasi: Daga Tashin Farko Zuwa Fagen Yaƙi

Tun zamanin da, ɗan Adam yake kallon tsuntsaye yana sha'awar tashi kamarsu. Wannan buri ya cika ranar 17 ga Disamba, 1903, kusa da Kitty Hawk a ƙasar Amurka. A can ne wa da ƙane masu sana'ar kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgi mai inji da fukafukai. Orville ne ya fara tuƙa shi. Daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama, ya ci kimanin mita 37.

Ba da daɗewa ba sojoji suka gane amfanin jirgin. Wanda yake sama yana hango inda abokan gaba suka ɓuya. A shekarar 1911, lokacin da Italiya take yaƙi da Daular Usmaniyya a Libiya, Italiyawa suka fara leƙen asiri da jirgi. Ranar 1 ga Nuwamba, wani matuƙi mai suna Giulio Gavotti ya jefa ƙananan bama-bamai da hannunsa daga sama. Ke nan shekara 8 kacal bayan tashin farko, jirgi ya zama makami, kuma a ƙasar Afirka aka fara gwada shi.

Nijeriya ma jiragen soja ta fara gani. A shekarar 1925 jiragen sojan Ingila 3 suka taso daga Masar, suka sauka a Kano.

Tambayoyi
1. Mece ce sana'ar Wilbur da Orville?
2. Don me sojoji suka so jirgin sama?